Grünewald: Mai Zanen Majinyata da Aka Sauya wa Suna

Mutumin da duniya ta sani da Matthias Grünewald bai taɓa amsa wannan suna ba a rayuwarsa. Wani marubucin tarihin masu zane mai suna Joachim von Sandrart ne ya laƙaba masa shi a littafinsa na 1675, kusan shekara ɗari da hamsin bayan rasuwarsa, kuskuren kuma ya bi shi. Sai a ƙarni na 20 masu tonon tsofaffin takardu suka gano cewa sunansa Mathis Gothart Nithart, wanda ya yi daidai da haruffan M.G.N. da ke jikin wasu ayyukansa. Mu ma dai da Grünewald za mu kira shi, tunda bakin alƙalami ya riga ya bushe.

An haife shi a garin Würzburg na ƙasar Jamus wajen 1470 zuwa 1475. Ya yi aiki a fadar manyan limaman Kirista na birnin Mainz, da farko Uriel von Gemmingen, daga baya Albrecht na Brandenburg. Ba zane kaɗai yake yi musu ba, har da kula da gine-gine da harkar janyo ruwa, domin a wancan zamani mai zane ma'aikaci ne kamar magini ko maƙeri.

Aikin da ya ɗaukaka shi, ya yi shi ne tsakanin 1512 da 1516 a wani ƙauye mai suna Isenheim, a yankin Alsace. A nan akwai gidan wasu masu ibada mabiya Waliyyi Antoni, waɗanda sana'arsu jinyar masu wata muguwar cuta da ake kira "wutar Antoni". Yau mun san asalinta: wata fumfuna ce mai kama zangarniyar wani hatsi dangin alkama, wanda talakawan Turai ke yin burodi da shi. Wanda ya ci, sai jijiyoyin jininsa su tsuke, ya riƙa jin kamar an cinna masa wuta, yatsu da ƙafafu su yi baƙi su ruɓe, wani kuma ya dinga fizge-fizge yana gane-gane. A lokacin babu wanda ya danganta cutar da abinci. Shugaban gidan, Guido Guersi, shi ya ba Grünewald aikin zana manyan alluna masu buɗewa kamar ƙyauren ƙofa, da za a kafa a ɗakin ibadarsu.

To, a nan ne muke ganin bambancinsa da sauran. Idan allunan suna rufe, wato a ranakun da ba na buki ba, abin da ake gani shi ne Annabi Isa a kan gicciye, bisa ga yadda Kiristoci suka yi imani. Masu zanen Italiya na zamaninsa sukan ƙawata jikin, su fito da shi sumul. Shi kuwa ya zana fata ta koma kore-kore, cike da tsaga da ƙayoyi, yatsun hannu sun miƙe sun sanƙare, ƙafafu sun murɗe, itacen ma ya lanƙwasa don nauyi. A wani allon kuma, inda shaiɗanu ke dukan Waliyyi Antoni, ya ajiye wata halitta a kusurwa, ciki a kumbure, jiki duk gyambo. Wanda aka kawo gidan da ƙafa tana ruɓewa ba ya bukatar a yi masa bayani. A ganinmu wannan ba son tayar da hankali ba ne. Mutumin ya san waɗanda za su kalli aikin, ya ƙi ya yi musu ƙarya game da ciwo. Ranar buki kuwa a buɗe allunan, sai ga wannan jiki ya tashi cikin wani irin haske ruwan ɗorawa da ja, fatar ta warke sarai.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. A 1525 manoman Jamus suka yi wa sarakuna da manyan coci tawaye, aka murƙushe su, aka kashe dubun dubata. Shekara guda bayan haka Grünewald ya bar fadar Albrecht, ya koma Frankfurt, daga can ya wuce Halle inda ya kama aikin ruwa, a nan ya rasu cikin Agustan 1528. Da aka buɗe akwatunan da ya bari don ƙidayar gado, an tarar da kayan fenti da kuma rubuce-rubucen Martin Luther, abin da ya sa masana da dama ke ganin zuciyarsa ta karkata ga masu adawa da ubangidansa.

A shekarar ce kuma Albrecht Dürer ya rasu, kuma mu marubuta ya kamata mu lura da yadda makomarsu ta bambanta. Dürer ya buga hotunansa a takarda sun bazu ko'ina, ya sa haruffan sunansa a jikinsu, ya rubuta littattafai da wasiƙu. Grünewald bai yi ko ɗaya ba sai 'yar alamar nan jefi-jefi. Alluna uku da ya yi wa babbar cocin Mainz, sojojin Suwidin suka kwashe a lokacin Yaƙin Shekara Talatin, jirgin da ya ɗauko su ya nutse a teku. Abin da ya rage bai wuce ayyukan fenti kamar goma ba, da zane-zanen gwaji talatin da 'yan kai. Allunan Isenheim ɗin ma, an daɗe ana cewa Dürer ne ya yi su.

Su ma allunan sun sha yawo. A lokacin juyin juya halin Faransa aka ɗauke su zuwa garin Colmar. A 1917 Jamusawa suka kai su Munich, aka dawo da su a 1919 bayan Alsace ta koma hannun Faransa. Mai tsara kiɗan nan Paul Hindemith ya gina wasan waƙe a kan rayuwarsa, wanda gwamnatin Nazi ta hana a nuna, sai a Zurich aka fara nuna shi a 1938. Allunan suna gidan tarihi na Unterlinden a Colmar, an ware su ɗaiɗai yadda mai ziyara zai zagaya ya ga ciki da baya, an kuma kammala wanke su da gyara su a 2022.