Yadda Harshen Kwamfuta Ke Warware Umarni

Kiran aiki shi ne jimlar da mai rubuta manhaja ke umartar kwamfuta da ita. A harshen Python, wanda ya fito a 1991, siffarsa ita ce: sakamako.tura(jiha, rumfa). Kalmar da ta gabaci ɗigo ita ce abin da aka umarta, "tura" shi ne aikin, kalmomin cikin baka kuwa bayanan da aikin ke buƙata ne.

Matakai uku

Da farko ana yanka layin gunduwa-gunduwa: suna, ɗigo, baka, waƙafi. Sannan a auna jerinsu da nahawun harshen. Idan baka ɗaya ta ɓace, aikin ya tsaya nan take. A ƙarshe a ɗora kowane bayani a gurbinsa bisa jeri. A nan haɗarin yake, domin idan aka sauya wa jiha da rumfa wuri, nahawun bai ɓaci ba, ma'ana ce ta ɓaci.

Kamanninsa da i'irabi

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, mawallafin Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu, ya zauna. Abin da almajiri ke yi wajen fitar da fi'ili da fa'ili da maf'uli, shi ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke koya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke Kalgo. Bambancin ɗaya ne: malami yakan ƙaddara kalmar da aka shafe, kwamfuta kuwa ba ta cike gurbi sai da abin da aka tanadar mata.

Me ya shafi mai zaɓe?

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya kasa hawa rumbun IReV a kan lokaci. Rahoton INEC na 2024 ya ce an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, alhali kujerar shugaban ƙasa ba ta wata jiha ba ce, sai na'urar ta ƙi karɓa. Gurbi guda da bai samu bayaninsa ba ya isa ya girgiza amanar masu zaɓe. Shi ya sa tambayar wa ya gwada manhajar kafin ranar zaɓe tambaya ce ta siyasa.