Wa Za A Haɗa Da Wa? Tarihin Ajiye Kifayen Teku Masu Farauta

Wannan ɗan rubutu nawa a kan kifi ne, kifin ma na teku, wanda galibinmu ba mu taɓa gani da ransa ba. Na san wani zai ce ina ruwan ƙungiyar adabi da kifi. To, a yi mini haƙuri a karanta tukuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu kiwon tarwaɗa ya ga suna tsame manya suna ware su daga ƙanana, ya riga ya san gindin maganar, domin idan aka bar su wuri ɗaya babbar sai ta haɗiye ƙaramar. Abin da nake son nunawa shi ne, Turawa da sauran masu ajiye kifin ruwan gishiri cikin manyan tankunan gilashi sun daɗe suna fama da wannan tambaya ta wa za a haɗa da wa, kuma kusan duk abin da suka sani a kai, asara ce ta koya musu shi.

Rumawa ne suka fara shahara da wannan sha'awa. Attajiransu kan haƙa tafkuna a bakin teku su zuba wani kifi mai siffar maciji da suke kira murena, mai ɗan kama da gaiwa, amma da haƙora masu tsini. Marubucinsu Pliny ya ce wani mai suna Hirrius ya ranta wa Yuliyas Kaisar irin wannan kifi har 6,000 don walimar cin nasara. Akwai kuma Vedius Pollio, wanda ya mutu shekara 15 kafin Miladiyya. An ce wata rana Sarki Augustas yana cin abinci a gidansa, sai wani bawa ya fasa kofin ƙarau, Pollio ya ce a jefa shi cikin tafki kifayen su cinye shi. Sarki ya hana, ya kuma sa aka farfasa sauran kofunan gidan. Su dai Rumawa matsalar haɗin ba ta dame su ƙwarai ba, don sukan ware wa kowane iri nasa ɗakin ruwa, kuma ƙarshen yawancin kifin tukunya ce.

Magana ta sake fasali cikin ƙarni na 19 a Ingila. A 1850 wani masanin haɗa magunguna, Robert Warington, ya nuna cewa idan aka sa tsiro cikin ruwa tare da kifi, tsiron zai riƙa ba ruwan iskar da kifin ke shaƙa. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko don 'yan kallo a gidan namun daji na Landan, shekarar da ta biyo baya kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa da ya yaɗa kalmar akwariyam. Daga nan kifi ya zama abin kallo, shi kuwa ɗan kallo so yake ya ga iri-iri a wuri ɗaya. Nan wahala ta soma.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na gidan kifi na garin Brighton, wanda aka buɗe a 1872, kuma masanin halittu na gidan, Henry Lee, shi ya rubuta shi. Sun samu wata dabbar teku mai hannuwa takwas, wadda ake kira oktofus, jama'a suna ta tururuwa don ganinta. Rannan aka tashi wanke tankin wasu ƙananan kifayen shak, sai mai kula da su ya zuba su na ɗan lokaci cikin tankin oktofus, don bai zaci wata rigima tsakaninsu ba. Suka zauna lafiya na kwanaki. Wata safiya cikin Janairu 1873 aka nemi oktofus aka rasa, aka duba aka ga cikin wani shak ya kumbura fiye da kima. Da aka farke shi sai ga ta ɗungurungum, ta riga ta mutu. An dai ba kura ajiyar nama. Abin dariya kuma, cikin watan Mayu na wannan shekara sai wasu ƙananan kifaye suka riƙa raguwa a tankinsu, kusan kullum a wayi gari babu ɗaya, ba gawa ba ƙashi. Ashe wata sabuwar oktofus ce a tankin maƙwabta take haurowa da dare ta ci, ta koma gida kafin gari ya waye. Ranar da ta makara aka same ta a ciki.

Waɗannan labarai biyu sun koyar da abin da har yau ake aiki da shi. Zaman lafiyar mako guda ba shaida ba ce, sa'an nan abin da bakin kifi zai iya ɗauka, wata rana zai ɗauka. Shi ya sa masu wannan sana'a suke auna kifi da girman da zai kai nan gaba, domin wani kifin da ake sayarwa kamar tsawon yatsa yakan wuce rabin mita. Sukan kuma duba yadda kowane yake farauta. Murena ba ta gani sosai, da sansane take bi, saboda haka takan ciji maƙwabci a lokacin rabon abinci, kuma in ba a rufe tanki ba sai ta sulale waje. Wasu kifayen masu ƙarfin haƙori ba sa haɗiye kowa, amma sukan yi ta gutsurar fukafukan masu tafiyar hawainiya har su kashe su. Don haka akan fara sa mai sanyin hali ya kama wurinsa, mafaɗacin ya zo daga ƙarshe, a kuma yawaita duwatsu masu ramuka. Wani abin mamaki shi ne akwai ɗan ƙaramin kifi mai tsince ƙwari daga jikin manya, wanda yakan shiga bakin murena ya yi aikinsa ya fito lafiya.

A 1938 aka buɗe Marine Studios a Filorida ta Amurka, inda aka zuba iri-iri cikin manyan tankuna don ɗaukar fim, aka dogara ga ƙosar da masu farauta. Dabarar tana aiki, amma ba kullum ba. A Satumba 2004 gidan kifi na Monterey a Kalifoniya ya sa wata ƙaramar farar shak cikin tanki mai cin galan wajen miliyan ɗaya. Ta yi kwana 198, abin da ba a taɓa samu ba da irinta, tana cin abin da aka ba ta tana girma. Da ƙarfinta ya kawo sai ta kashe wasu shak biyu, ala tilas aka mai da ta teku a ƙarshen Maris 2005. A Janairu 2016 kuma, a wani gidan kifi na birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wata shak mai tsawon mita 2.2 ta haɗiye wani namiji na wani irin mai mita 1.2, ta kwashe wajen awa 21 tana yi, wutsiyarsa na reto a bakinta, 'yan kallo na gani. Ga ilmi, ga kuɗi, ga ƙwararru, amma dai kamar Brighton.

A ganina asara mafi girma ta auku ne a wajen tanki. Akwai wani kyakkyawan kifi mai zane ja da fari da ƙayoyi masu dafi, ana ce masa kifin zaki, asalinsa tekun Indiya da Fasifik. Masu tankunan gida suna son sa ainun, sai dai yana girma yana cinye ƙananan abokan zamansa. Masana sun fi rinjaye a kan cewa waɗanda suka gaji da shi ne suka riƙa sakin sa cikin teku. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Filorida, inda babu abin da ya saba cin sa, ƙananan kifayen wurin kuma ba su san shi abin gudu ba ne. Wajen 2004 ya isa tsibiran Bahamas, daga nan ya bazu cikin tekun Karibiyan. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa cikin mako biyar kifin zaki ɗaya ya rage ƙananan kifayen da ke tasowa a wurin gwajin da kusan kashi 80 cikin 100. Mu nan Afirka labarin ba baƙo ba ne gare mu, don giwan ruwa, wanda masuntanmu suka sani a Argungu da tafkin Chadi, da aka kai shi tafkin Biktoriya cikin shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da ƙananan kifaye iri wajen 200.

A 2014 hukumar Filorida ta hana shigo da kifin zaki mai rai cikin jihar. Tun kafin nan masu nutso sun soma bin sa da mashi, ana shirya gasa ana ba da kyauta ga wanda ya fi kashewa, ana kuma koya wa masu gidajen abinci yadda za su yanke ƙayoyin su soya naman.