Yadda makin sayayya ke komawa mil na jirgi ko makin otal

A Amurka, mai sayayya ta Rakuten yana iya karɓar ladansa da makin American Express maimakon kuɗi, sannan ya tura su asusunsa na Flying Blue, tsarin Air France da KLM, ko na otal. Marriott Bonvoy na ba da mil 1 kan maki 3, canjin da ba kasafai yake da riba ba, ko da yake yawanci akan samu ƙarin mil dubu 5 idan an tura maki dubu 60. A Accor, maki dubu 2 na rage Yuro 40 daga kuɗin ɗaki, jika 26 da 'yan kai ke nan. Makin da aka tura ba ya dawowa, don haka a fara tabbatar da akwai kujera a jirgin.