Agabba: Agadas ta kore shi, Adar ta zame masa gida

Kowane ɗan makarantar boko a Tawa ya ji labarin Luwi na 14, sarkin Faransa da ya hau mulki a 1643 ya rasu a 1715. Kaɗan ne za su iya faɗa maka cewa a wancan zamanin akwai wani basarake a nan ƙofar gidansu, wanda har yau jikokinsa ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Sunansa Muhammadu Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak.

Kafin zuwansa, Adar tana ƙarƙashin Kabi, daular da Kanta ya kafa. Mutanen ƙasar, Azna, manoma ne da maharba da suka zauna cikin duwatsu da kwazazzabai, kowane gari da nasa shugaban. Abzinawa kuwa idonsu na kan Adar saboda dalili mai sauƙi: dutsen Abzin ba ya ciyar da mutanensa. Gero daga kudu yake zuwa, kuma ayarin da ya ɗauko gishiri ya nufi ƙasar Kabi sai ya ratsa ta Adar. Wanda ya riƙe hanyar, shi ya riƙe rumbun.

A 1674 Sarkin Abzin ya ba ɗansa Agabba runduna. Ya karya mayaƙan Kabi, ya raba Adar da su. Cikin waɗanda suka rufa masa baya akwai Lisawan, Abzinawan da suka zauna a ƙasar daga baya, kuma zuriyarsu na nan a yankin Keita.

Da mahaifinsa ya rasu a 1687, Agabba ya gaje shi a Agadas. Ya yi shekara talatin da huɗu bisa gado, yana ta gwabzawa da Gobirawa. Sai a 1721, tsufa ya kama shi, ɗan'uwansa Muhammadu al-Amin ya tumɓuke shi.

A nan ne labarin ya fi daɗi. Tsohon da aka tuɓe wa rawani bai tsaya neman gadon ubansa ba. Ya juyo kudu, ya sauka ƙasar da ya ci da yaƙi tun yana saurayi, ya kafa fada a Birnin Adar. A ganina wannan korar ce ta haifi sarautar Adar: da ya mutu a Agadas, da ƙasar ta ci gaba da zama gonar Abzin, ana aiko mata masu karɓar haraji. Yanzu ga ta da sarki zaune a cikinta.

Ya rasu a 1738. Magadansa suka auri ƴan ƙasa, bakinsu ya juye Hausa, daga baya fadar ta koma Illela. Masanin tarihi Djibo Hamani, ɗan Adar, shi ya bi diddigin wannan labari cikin littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa.