Kurma a Ajin Sakandare: Da Wane Harshe Ake Koyar da Shi?

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce a shigar da maganar hannu cikin manhaja. Abin tambaya shi ne, wace maganar hannun?

Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, ta wallafa littafi a kansa a 2000. Da shi yaro ke ciniki a kasuwa, da shi yake hira da tsaransa. Na makaranta kuwa asalinsa daga Amurka yake. Andrew Foster, Ba'amurke baƙar fata wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga baya harshen ya kai ga makarantu irin ta Tudun Maliki, wadda aka kafa a Kano a 1977. Ga kuma jarrabawar WAEC da NECO, da ake rubutawa da Ingilishin da ɗalibin bai taɓa jin sautinsa ba.

A sakandare ne wannan nauyi ke bayyana, domin a nan darussa ke cika da kalmomin da ba a riga an yi musu alama ba. Na taɓa zama a wani ajin kimiyyar sinadarai. Malamin ya juya wa ɗalibai baya, yana rubutu yana bayani. Tafinta kuma yana harhaɗa kowace sabuwar kalma da yatsu, harafi bayan harafi. Wata yarinya ta sunkuya tana kwafar allo, kafin ta ɗago kai an wuce bayanin. Mai ji yana rubutu kunnensa na aiki. Ita kuwa idon nan shi ne kunnenta. Littafinta tsaf yake, amma ba ta san abin da ke ciki ba.

Masu cewa harshen makaranta ne ke haɗa kurman Kano da na Legas suna da gaskiya, ban kuma ce a yar da shi ba. Abin da nake cewa, bayani ya fara da harshen da yaro ke tunani da shi. A ɗauki kurame masu shaidar malanta aiki, su zauna da malaman kimiyya su tsayar da alamomin kalmomin. A raba wa ɗalibai rubutaccen darasi tun kafin a shiga aji, a jera kujeru kamar jinjirin wata yadda kowa zai ga hannun kowa. Idan malami zai yi rubutu a allo, ya gama tukuna, sannan ya juyo ya yi magana.