Wace ƙwaya ake kira ƙwayar cuta?

Ba kowace ƙwaya ce ke kawo ciwo ba. Ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cikin ruwa, da ƙasa, da cikinmu, kuma mafi yawansu ba su cutar da kowa. Wasu ma amfani suke yi mana: su ke mai da madara nono, su ke nunar da daddawa. Likitoci ba su kiran halitta ƙwayar cuta sai in tana iya shiga jiki, ta hayayyafa, ta yi ɓarna.

Irinsu da yawa ne. Ƙyanda, bairas ke kawo ta. Shi ƙanƙane ne ƙwarai, kuma maganin kashe bakteriya bai taɓa shi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, likita Laveran ya gano ta cikin jini a Aljeriya a 1880. Sauro dai ɗan dako ne, ba shi ne cutar ba. Har tsutsa tana cikin lissafi, kamar kurkunu, wanda aka tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013.

Sanƙarau shi ya fi nuna wuyar wannan batu, mutanen Arewa kuwa sun san shi. Bakteriyar da ke kawo shi tana zama a maƙogwaron masu lafiya, wajen mutum ɗaya cikin goma, ba tare da sun ji komi ba. Suna zuwa kasuwa, suna tari, suna baza ta. Idan rani ya yi, ƙura da busasshiyar iska suka raunana maƙogwaro, sai ta samu ƙofa ta shiga jini, ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Ƙwayar da ta yi watanni lami lafiya a jikin wani tana iya kashe yaro cikin kwana guda.

Ita ma iri-iri ce, kuma nan mutane kan yi kuskure. Allurar MenAfriVac da aka soma a Nijar a 2010 ta karya irin A. Amma a 2015 irin C ya ɓarke, har da gundumar Dogon Dutsi. A ƙasa baki ɗaya mutum wajen 8,500 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Wanda ya ce an taɓa yi masa allura, sai ya bincika ko ta wane iri ce.

Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sandarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri: a kai gidan likita na Dogon Kiriya ko mafi kusa nan take, kada a jira gari ya waye.