Yadda Mutum-mutumin Sarauniya Hatshepsut Suka Watsu a Gidajen Tarihi

Hatshepsut ta mulki Masar daga wajen shekarar 1479 zuwa 1458 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kuma gina haikalinta a Deir el-Bahri, a gaɓar yamma ta kogin Nilu, daura da birnin Luksor na yanzu. An cika haikalin da mutum-mutuminta: wasu tana zaune a kan karaga, wasu tana durƙushe riƙe da tukwanen hadaya, wasu kuma da jikin zaki da kan mutum.

Kimanin shekara 20 bayan rasuwarta, Thutmose na Uku, ɗan mijinta wanda suka yi sarauta tare, ya sa aka kankare sunanta daga bango, aka farfasa mutum-mutumin. An karya da yawa a wuya da ƙugu da gwiwa, aka zuba gutsattsarin a ramukan da ke kusa da haikalin. A da an ce ƙiyayya ce kawai, amma jinkirin da aka yi ya sa masana da dama ke ganin batun gadon sarauta ne. Abin mamaki, zubarwar ce ta tsare duwatsun, domin ƙasa ta rufe su fiye da shekara 3,000.

Watsewar ta fara ne a ƙarni na 19. A 1845 Bajamushe Karl Richard Lepsius ya kai wasu manyan gutsattsari Balin, ciki har da gangar jikin wani mutum-mutumi na farin dutse. A shekarun 1920, Herbert Winlock na gidan tarihin Metropolitan da ke New York ya tono dubban ɓaraguzai a wurin, har da kan wannan mutum-mutumin. Dokar lokacin ta yarda a raba abin da aka tono tsakanin Masar da masu tonon, don haka wani kaso ya tafi Alƙahira, wani Amurka. A 1929 aka yi musaya da Balin, kai da jiki suka sake haɗuwa a New York. Aikin haɗawar ya ci shekaru, kuma inda dutse ya ɓata an cike gurbin da sabon haɗi.

Nan ne takaicin yake: an sassaƙa su ne domin su tsaya jere a haikali guda, amma mai son ganinsu yau sai ya bi Alƙahira da Balin da New York. Daga baya tsarin ya canza: a 1983 Masar ta kafa dokar da ta mayar da duk kayan tarihin ƙasar mallakar gwamnati.